Keken da Baba Sidi Bai Sani Ba

Mayahi, Nuwamba 1961

Zuwa ga ɗana Cindo, a Tasawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka Yaya Jummai, da fatan ciwon gwiwar nan tata ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Matata Rashida tana gaishe ku. 'Yan lakwal, yaran makarantarmu, sun dawo daga gona, rabinsu sun bar karatun da na koya masu a can cikin karan gero, sai mun sake daga farko.

Takardarka ta iso ta hannun direban kamyon gyaɗa. Na karanta na yi dariya, daga baya kuma na ji tausayinka. Akwai abu biyu da mutanenmu suke yawan cakuɗawa, ni ma na daɗe ina cakuɗa su: jin kunya da yin laifi. Mutum ya ji cikinsa ya yi nauyi, ya kasa haɗa ido da wani, sai ya ce lalle na yi laifi. Ba kullum ba ne. Wani lokaci kunya ce tsagwaronta, kuma maganinta dabam yake da na laifi.

Mu duba naka. Ka raka kamyo Katsina, ka ga koren keke mai murfin kaca a wani kanti, ranka ya biya. Ka saya da gumin aikinka na awon gyaɗa, ka biya duwan, kuɗin kwastan, a bakin iyaka, suka ba ka takarda. To ina laifin? Ba ka ɗauki na kowa ba, ba ka cuci kowa ba.

Amma na san abin da yake cinka, don ni ma a Tasawa na tashi. Baba Sidi ne. Duk keken da yake yawo a garin nan daga kantinsa ya fito. Shi ya ɗora ka a kan sirdi kana ƙarami, yana bin ka da gudu har rawaninsa ya warware, ina tsaye ina kallo. Ka kuma ce tun da ka sami aiki ya rataye wani baƙin keke a rufin kanti, duk wanda ya taya sai ya ce, "Wannan na Cindo ne, ranar da ya shirya." Ni ma da na sayi nawa a wurinsa, sai da ya kife shi ya ɗauko ƙusa da guduma ya buga mashi tambarin nan nasa mai kama da sawun kaza, a ƙasa, wurin da fedoji suke haɗuwa. Ka san idan aka yi gardamar keke a Tasawa ba a zuwa wurin alƙali. Ƙofar Baba Sidi ake zuwa, ya kife keken ya duba, abin da ya faɗa shi ke nan.

Zai ji zafi, ba zan ruɗe ka ba. Zai ce kekunan Katsina gwangwani ne aka shafa wa fenti. Zai ce ka zama ɗan boko mai raina na gida. Ka bar shi ya faɗa, tsoho ne, haƙƙinsa ne. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bari ya fara ganin keken nan a ƙarƙashinka kana wucewa ta ƙofar kantinsa. Ya fara ji daga bakinka. Ka sayi goro, ka je da hantsi lokacin da jama'a ba su taru ba, ka durƙusa ka ce, "Baba, na yi gaban kaina." Kafin azahar za ka gan shi yana latsa tayoyin yana kushe birkin.

Ka rubuto mani yadda murfin kacar nan yake. Da gaske ba ya cin bakin wando? Ina so in zana wa 'yan ajina shi a allo.

Kawunka,
Abdurrahamane

*

Tasawa, Nuwamba 1961

Zuwa ga Kawu Abdurrahamane.

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, kai da Inna Rashida. Muna lafiya. Gwiwar Inna da sauƙi, tana zuwa masallacin ƙofar gida da kanta.

Kawu, na bi maganarka. Baba Sidi ba zai ga keken a ƙarƙashina ba, don na fitar da shi daga gari baki ɗaya. Na kai shi wurin Ɗan Azumi, Buzun nan da yake mana kiwon awaki, wanda gidansu yake bayan gari a hanyar Bawdeta. Ya zagaya shi yana kallo, ya ce, "Amanar akuya na sani, ta tunkiya na sani. Wannan me yake ci?" Na ce ba ya cin komai, ya dai ajiye shi inda ido ba zai gan shi ba. Na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa nawa ne ba. Ya ce abin bai kai ga rantsuwa ba, na matsa, ya rantse. Ban gaya mashi dalili ba, na ji nauyi.

Goro kuma na saya, na je da hantsi kamar yadda ka ce. Ina shiga na tarar Baba ya sauko da baƙin keken yana goge shi. Ya ce, "Yauwa, angon ya zo. Duba, na canza maka sirdi, wancan zai ƙona maka mazaunai." Kawu, yaya zan yi? Na miƙa mashi goron na ce kai ka aiko. Yana gode maka. Na sake komawa, haka dai na dawo.

Gari kuma ya yi zafi. An sace keken malamin asibiti, an sace na wani mai sayar da goro. Samarin unguwa suna yawo da kulake da sanduna. Kasuwar da ta wuce suka ga wani baƙo yana taɓa ƙararrawar keken da aka jingine, suka rufe shi da duka har haƙoransa na gaba suka zuba, sannan aka gane sha'awa kawai ya yi. Shi ya sa nake ganin gara keken ya zauna a can. Idan an rufe cinikin gyaɗa hankali ya kwanta, zan faɗa wa Baba.

Murfin kaca ba ya cin wando ko kaɗan.

Ɗanka,
Cindo

*

Mayahi, Disamba 1961

Ɗana Cindo,

Ina fatan kuna lafiya, mu ma haka. Ka gaishe da Yaya Jummai. A tsaye nake rubuta wannan, direba yana jira.

Ka karanta rabin maganata ka bar rabi. Ban ce ka ɓoye keke ba. Cewa na yi ka je ka faɗa. Irin wannan 'yan ajina suke yi mani, in ce kada ku fita sai kun share aji, su zauna har la'asar ba su fita ba, ba su kuma share ba.

Ka tsaya ka yi tunani, Cindo. Gari ana farautar ɓarawon keke. Kai kuma ka ɗauki sabon keke, wanda ba shi da tambarin Baba Sidi, ka ajiye a ɗakin mutumin da bai iya hawa ba, ka kuma ɗaure mashi baki da rantsuwa. Idan wani ya leƙa ya gani, me zai ce? Da me zai kare kansa? Ranar da wannan ta same ka, ka je ka ɗauko abinka, ka tura shi da hannu har ƙofar kanti. Kada ka jira a rufe ciniki, kada ka jira Juma'a.

Kawunka,
Abdurrahamane

*

Tasawa, Disamba 1961

Kawu,

Ina gaishe ka. Inna lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da kaina ba.

Takardarka ta makara. Kamyon ya karye a hanya, ya kwana biyu a daji, da ta iso hannuna abin ya riga ya faru.

Da safe ne, ina hanyar zuwa wurin awo, Baba Sidi ya tsayar da ni in riƙe mashi ƙafar keke yana ɗaure wayoyinta. Sai muka ji ihu daga wajen kasuwa, "Ɓarawo! An kama shi!" Jama'a suka karyo kwana kamar ambaliya. Ɗan Azumi ne a tsakiya. Sun tuge mashi rawani sun naɗa a wuyansa, da shi suke jan sa, jini yana zuba daga goshinsa yana shiga idonsa. Wani ƙato ya ɗaga kekena sama da hannu biyu, da tabarma ɗaure a jikinsa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Iskar tayoyin ce ta sace saboda daɗewa a ajiye. Ɗan Azumi bai san haka keke yake yi ba. Ya ga ƙafafun sun lotsa, ya ɗauka amana ta lalace a hannunsa. Sai ya naɗe shi da tabarma, tun da na ce kada ido ya gani, ya turo shi cikin gari yana tambayar mutane ina mai gyaran irin wannan. Wurin Baba Sidi zai kawo shi, Kawu, don ban taɓa gaya mashi Baba nake gudu ba. Samari suka tare shi suka ce na wa ne. Ya ce amana ce. Suka ce amanar wa. Ya ce ya yi rantsuwa.

Suka jefar da shi da keken a gaban tabarmar Baba. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata, ba a kashe mutum a ƙofata." Ya kife keken, ya shafa ƙasan da babban yatsa, ya tofa yawu ya sake shafawa. Ya ce, "Wannan bai bi ta hannuna ba." Ya sunkuya ya ce, "Ɗan Azumi, na san ka, na san ubanka. Faɗa mani, na wa ne?"

Ɗan Azumi ya ɗago ya dube ni. Kawu, ni ya duba. Ni yake jira. Ƙafar keken Baba tana hannuna. Na dubi fuskar Baba, na dubi baƙin keken nan a rataye, na dubi kulake. Na ce bari in haɗiye yawu tukuna.

Ban gama haɗiyewa ba wani ya sauke mashi kulki a kafaɗa. Ya faɗi. Daga nan ban ƙara ganin jikinsa ba sai ƙafafun mutane da sanduna suna hawa suna sauka. Baba yana ihu yana jan rigunansu, suka ture shi ya faɗa kan tayoyi. Wani yaron mahauta ya suri gudumar Baba daga kan tabarma, ya take hannun Ɗan Azumi na dama a ƙasa, ya ce, "Wannan ne mai ɗaukar na mutane?" Ya buga. Ya sake bugawa. Na ji ƙarar ƙashin duk da ihun. Lokacin na ce, "Nawa ne!" Amma ban sani ba ko da ƙarfi na faɗa, don ba wanda ya juyo. Sai da gardi, dogaran gwamnati, suka zo da bulala suka tarwatsa jama'a. A kan ƙyauren kantin aka ɗauki Ɗan Azumi zuwa asibiti.

Da la'asar na kai takardar duwan wurin shugaban jandarma, a bironsa, wato ofishinsa, daga ni sai shi. Ya karanta, ya daɗe yana kallona. Ya ce mutumin ba shi da laifi, in zo in ɗauki ƙarfena. Na roƙe shi kada ya bari maganar ta fita. Keken yana can har yanzu.

Gari bai sani ba. Har yau ɓarawo suke ce wa Ɗan Azumi, yara sun sa shi a waƙa. Wansa Hamani ya iso daga daji da mutanensu. Sun ce bakin Baba Sidi ne ya ba da shi, gudumar Baba Sidi ce ta karya shi, kuma ranar kasuwa za su zo su ga Baba Sidi. Ɗan Azumi ko wansa bai gaya wa ko keken na wa ne ba.

Kawu, yaya zan yi?

Cindo

*

Mayahi, Disamba 1961

Ɗana Cindo,

Muna lafiya. Allah ya ba Ɗan Azumi lafiya, ya tsare Baba Sidi.

Labarin ya riga takardarka isowa. Fatake suka kawo shi kasuwar Mayahi: an kama Buzun da yake kwashe kekunan Tasawa, an karya mashi hannu. Kowa yana cewa madalla. 'Yan ajina suka mai da shi wasa a filin lakwal. Suka naɗa wa wani ƙaramin cikinsu tsumma a ka, shi ne ɓarawo, sauran suka bi shi da kara. Kara ya koma dutse. Ina tsugune ina wanke jinin kan yaron nan aka miƙo mani takardarka. Ka ga inda sunan mutumin nan ya kai, ka ga abin da ake koya da shi.

A takardata ta farko na ce maka ba ka yi laifi ba. A ranar, gaskiya na faɗa. Yau ba haka ba ne. Ni ma ina da rabona, don na sa maka "kada ya gani" a gaban "ka je ka faɗa", alhali na san ka tun kana rarrafe, na san wanda za ka fi riƙewa. Amma ba lokacin rabon laifi ba ne.

Abin da ka yi a biron jandarma ya fitar da shi daga hannun hukuma, bai fitar da shi daga bakin mutane ba. A gaban jama'a aka kira shi ɓarawo, a gaban jama'a za a janye. Ba a biro ba, ba a takarda ba, ba ta bakina ba.

Ka fara zuwa asibiti ka warware mashi rantsuwar nan. Sannan ranar kasuwa ka karɓo keken ka tura shi ta tsakiyar kasuwa har ƙofar Baba Sidi, kafin Hamani ya ɗaga hannu. Ka hau wani abu mai tudu. Ka faɗi duka: naka ne, kai ka kai ajiya, kai ka sa rantsuwa, kuma kana tsaye lokacin da aka tambaye shi. Wannan na ƙarshen shi ne za ka so ka tsallake. Kada ka tsallake.

Ba zan ce maka ba za a taɓa ka ba. Mai yiwuwa a doke ka. Na kuma san kai kaɗai Yaya Jummai take da shi. Amma idan ka yi shiru, ko dai a kashe tsohon nan a kan tabarmarsa, ko Hamani ya ƙare a kurkuku, kuma 'ya'yan Ɗan Azumi su tashi da sunan ɗiyan ɓarawo.

Na nemi izinin zuwa, darektan lakwal ya hana. Ban ba kamyo wannan ba. Wani mai raƙumi ne zai kawo maka, ya ce ba zai sauka ba sai Tasawa.

Allah ya ƙarfafa maka zuciya.

Kawunka,
Abdurrahamane

*

Tasawa, Janairu 1962

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna Rashida. Ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake, idona na hagu bai buɗe ba tukuna. Likita ya ce haƙarƙari ne ya tsage, zai haɗe. Inna tana kuka tana dama mani kunu.

Na je asibiti. Na ce, "Ɗan Azumi, na warware maka, ka faɗa wa wanda ka so." Ya juya fuskarsa bango. Matarsa Fatima ta dube ni, ta dubi hannun nan da aka naɗe, ta gane. Ta ce, "Ashe kai ne. Fita."

Ranar kasuwa na karɓo keken na turo shi a kan lotsattsun ƙafafunsa, yana ƙara, mutane suna darewa. Hamani ya riga ni isa. Su da yawa ne, da takubba da sanduna, ɗaya yana riƙe da kwalbar isansi, man fetur, don ƙona kantin. Baba Sidi ya sallami yaran kantinsa, bai rufe ƙofa ba, yana zaune a kan tabarmarsa yana faci kamar bai gan su ba. Samarin unguwa kuma sun taru ta ɗaya gefen da kulakensu.

Na hau wata tsohuwar ganga. Na faɗi duka yadda ka ce. Da na ce kunyar Baba ce ta sa na ɓoye, wani ya yi dariya, sai ya ga ba wanda ya taya shi.

Hamani ya matso. Ya ce, "Sake faɗi, ɗan lakwal." Na sake. Ya ce, "Lokacin da aka take hannunsa, kana ina?" Na ce, "Ina nan, ga wurin." Bai zare takobin ba, da kubensa ya maka mani a fuska. Na faɗo daga kan gangar. Sanduna suka sauko. Sai ga samarin nan da suka doki Ɗan Azumi sun shigo su ma suna shurina, suna cewa ni na ja masu. Hamani ya juya kansu ya ce, "Ku kuma su wa? Ku da kuka karya shi?" Nan faɗa ya kaure. An fasa kawuna, an sari wani a damtse, rumfunan masu tumatir da albasa suka rushe, mata suna ihu suna kwashe yara. Ni dai na ji wani nauyi ya faɗo kaina yana warin man keke. Baba ne ya rufe ni da jikinsa. Sandar da aka nufo ni da ita a bayansa ta sauka.

Mai kwalbar nan ya rasa inda zai yi da ita. Hamani ya fizge, ya juye ta a kan kekena, ya ƙyasta ashana. Kantin ya tsira. Jandarma suka iso suka kama Hamani da wasu. Na nuna masu yaron mahautan, shi ma suka tafi da shi. Washegari mai shela ya zaga gari da kasuwa yana cewa Ɗan Azumi ba ɓarawo ba ne, amana ya riƙe.

Baba ne ya sa aka kawo ni gida. A zaure ya tsaya, ya ce, "Ni ka ji wa kunya?" Na ce i. Ya ce, "Da ka zo, zagi zan yi maka ka tafi. Yanzu ka sa bakina ya karya hannun mutum." Ya juya ya tafi, bai kuma dawo ba.

An sallami Ɗan Azumi. Yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, likita ya ce wataƙila haka za su zauna. Na aika da albashina, Fatima ta mayar. Na aika da buhun gero, ta mayar. Kawu, na yi abin da ka ce. Me ya sa nauyin bai sauka ba?

Ɗanka,
Cindo

*

Mayahi, Janairu 1962

Ɗana Cindo,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu. Allah ya ba ka lafiya, ya ba Baba Sidi lafiyar bayansa. Rashida ta karanta takardarka ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ga man shanu nan ta ba direba, ta ce a riƙa shafa maka. Ka ce wa Yaya Jummai ni na tura ka, idan za ta yi faɗa ta yi da ni.

Ka tsaya a gaban jama'a, ɗana, kuma ba kowa zai tsaya ba. Na tara 'yan lakwal duka na gaya masu mutumin da suka yi wasa da sunansa ba ɓarawo ba ne, na gaya masu abin da ya riƙe har aka karya shi bai saki ba. Yanzu fatake ma labarin da suke kawowa ke nan. Sunansa ya dawo mashi.

Hannunsa bai dawo ba, shi ya sa nauyin bai sauka ba. Kada ka yi fatan ya sauka da wuri. Baba Sidi kuma ka bar shi, ciwonsa dabam ne, ka dai riƙa gaishe shi ko bai amsa ba.

Ka daina aike. Fatima ba za ta karɓa ba, ni ma da ni ne ba zan karɓa ba, don abin da ya zo ta hannun ɗan aike kamar ana so a biya a huta ne. Ka yi tunanin abin da hannun nan yake yi a wannan lokaci na shekara. Tabkuna sun ƙafe. Shanunsa daga yanzu har faɗuwar ruwa a rijiya za su sha, kuma ka san zurfin rijiyoyin wajen nan. Hamani yana tsare. Wa yake jan igiya? Fatima ce, da goyo a bayanta.

Ban so in sa ka abin da ban taɓa ba, don haka ranar Alhamis na je rijiyar makiyaya a bayan Mayahi na roƙe su su ba ni igiya. Suka yi ta dariya. Wani tsoho ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, wannan ba alli ba ne." Guga kaɗan na ja tafin hannuna ya saɓule, da ƙyar nake riƙe alƙalamin nan. Amma na koyo maka abin da zan iya. Kada ka ja da damtse, da baya da cinya ake ja. Ka kafa ƙafa ɗaya a itacen bakin rijiya. Kada ka naɗa igiya a hannu, idan guga ya fi ƙarfinka zai tafi da kai. Idan ka zuba a kwami, ka bar manyan shanu su fara, ƙanana su biyo, in ba haka ba za su tattake su.

Idan haƙarƙarinka ya haɗe, ka je da sassafe kafin a buɗe wurin awo. Kada ka ce ka zo neman gafara, kada ka yi dogon bayani. Ka yi sallama, ka miƙa hannu a ba ka igiya. Mai yiwuwa Fatima ta kore ka. Ka koma washegari. Mai yiwuwa Ɗan Azumi ya zauna a gindin itace yana kallonka har rani ya ƙare bai ce maka uffan ba. Wannan nasa ne, ba ka da ikon nema. Shanun dai za su sha.

Ban san ko zai yi ba, Cindo, ba a koya mana wannan a lakwal ba. Ka je ka gwada da hannunka.

Kawunka,
Abdurrahamane